Shekarar da Aka Kira Sunan Safiya

Ummi da Abba, wannan babin naku ne, ko da yake ba yanzu za ku karanta shi ba. Shekarata talatin da ɗaya, na san mutane sai gwiwa ta ƙi su suke zama rubuta tarihinsu, to ni ban iya jira ba, ban taɓa iyawa ba. Makon jiya kuka dawo da ɗan littafin bikin cikar makarantarku shekara ashirin, da hoton kakanku a bango, Ummi tana ta haɗa baƙi har ta karanta mini inda aka ce makarantar ta girma ba ta yar da ɗa ko ɗaya a hanya ba. Ƙarya ce. Ta yar da ɗaya, ƙanwata Safiya, kuma da hannuna aka yi.

Mu mutanen Sudan ne, daga wani ƙauye a bakin kogi inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna ɗungurungum. Ina shekara goma muka shigo Alƙahira, ni da Baba da Umma, da jaririya goye a bayan Umma. Muka samu ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu a unguwar Hay el-Sabi'. Baba malamin makaranta ne a can gida, don haka abin da ya fara nema mini shi ne aji. Wata makarantar ta ce takarduna ba su cika ba. Wadda ta karɓe ni, wata biyu na yi, kullum sai an dangwali hannuna an duba ko baƙin zai fita a yatsa. Ranar da na fasa wa wata baki aka ce kada in dawo. Baba bai dake ni ba. Ya cire ƙyauren wata tsohuwar durowa ya shafa masa baƙin fenti, ya jingina shi a falo, ya bi gidajen 'yan'uwanmu baƙar fata ya tattaro yara bakwai irina. Makarantar da kuke hawa benenta yau, farkonta kenan.

Ba karatun Alƙur'ani kaɗai ya koyar ba, har wasu iyaye suka yi ta guna-guni. Akwai Larabci da lissafi, akwai tarihin ƙasashen baƙar fata, da zane, da wasan kwaikwayo ranar Alhamis. Cewa yake yaron da ake ce wa bawa a kan titi, dole a cikin aji ya ji cewa kakanninsa sun gina birane. Ɗaliban Najeriya da suka zo karatun addini suka riƙa zuwa suna koyar da Turanci da rubutun Hausa, ladansu tuwon Umma da miyar kuɓewa. Mai gadin bene kullum yana kan matakala yana faɗa a kan takalman yara. Daga falo muka sauko ƙasa muka kama shaguna biyu aka fasa bangon tsakani. Daga nan aka samu wani tsohon sito a gefen unguwar Ma'adi, iyaye maza suka yi aikin gayya suka yanka shi aji-aji. Ni kuwa da na gama karatun da ake yi a nan sai aka zaunar da ni a ofis, don na fi kowa saurin hannu kuma ba mai iya yi mini tsawa in yi shiru.

Yanzu ku saurara, don a nan abin yake. Baba yana da yadda yake rubuta yaro a rajista. Ba ya tambayar katin gudun hijira, ba ya tambayar takardar haihuwa. Sai ya dubi yaron ya ce, “Wa ke ciyar da kai?” Sunan da yaro ya faɗa, shi zai rubuta a gurbin uba. A wurinmu ɗan riƙo ba a ce masa ɗan riƙo. Yaƙi da tafiya sun bar yara a hannun baffanni da kawunnai da maƙwabta, kuma abin kunya ne babba ka nuna wa yaro cewa ba kai ka haife shi ba. Safiya tana cikin irin waɗannan. 'Yar ƙanwar Umma ce, uwarta ta rasu kwana tara da haihuwarta, ubanta Haruna ya tafi Libiya neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da muka zo ofishin 'yan gudun hijira aka tambayi Baba ko duk yaran nasa ne, sai ya faɗi gaskiya, don shi ba ya yi wa hukuma ƙarya, aka yi wa jaririya kati daban da sunan ubanta. A rajistarsa kuma ya rubuta Safiya Abdulkarim, kuma a wurinsa wannan ma gaskiya ce. Katin yana cikin jakar Umma, ba ta taɓa barin yarinyar ta riƙe shi ba. Ni an ja mini kunne tun ina ƙarama, na kuma kama bakina shekara goma sha uku, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

A shekarar da nake faɗa muku, wata farfesa baƙar fata ta zo daga Amurka. Ustaz Bashir ne ya kawo ta, wani Bazazzagi da ya zo karatu ya ƙi komawa, ya zama mataimakin Baba. Ta zauna a bayan aji tana share hawaye, ni ina ta mamakin abin kuka a darasin taswira. Ta ce kwalejin da take koyarwa haka ta fara, a ƙarƙashin wani ɗakin ibada, lokacin da aka hana kakanninsu shiga makarantun turawa, yau ga ta da gine-gine da ɗakin karatu. Ta ce za su aiko da littattafai da malamai, su riƙa ɗaukar ɗalibanmu, amma sai makarantar ta samu amincewar hukumar ilimi. Dama abin yana damunmu, don yaranmu sai su gama karatu a rasa inda za su zauna jarrabawa. Ustaz Bashir ya sa abin a gaba, ya yi ta sintiri a ofisoshi har takalminsa ya ɓule. Sharaɗin da aka ba mu shi ne kowane yaro ya samu fayil, sunan da ke rajista ya zo daidai da na katinsa, sannan mufattishi, wato mai duba makarantu, zai zo ya kira suna ya ga fuska.

Ni na haɗa fayilolin. Yara goma sha huɗu sunansu bai zo daidai ba. Sha uku daga ciki ko dai sun riga sun sani, ko masu riƙonsu suka zaunar da su suka faɗa musu. Saura ta gidan shugaban makaranta. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Umma ta aiki Safiya sayo burodi, na ajiye fayil ɗinta a gaban Baba a kan tabarma.

“A cire ta daga jerin bana,” in ji shi, ko buɗewa bai yi ba.

“Baɗi sunan zai sauya ne, Baba?”

“Baɗi na Allah ne.”

“Bana ma nasa ne. Ita ce ta ɗaya a ajinsu. Za ka zaunar da ita a gida ka kai 'ya'yan wasu jarrabawa?”

Umma ta ce, “Rabi, da ubanki kike magana, ba da direban mikrobas ba.”

“Mai mikrobas in na tambaye shi ina za shi yana faɗa mini.”

Baba ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Yarinyar nan a ƙirjina ta koyi barci. Ba zan kira ta in ce mata ni ba kowa ba ne saboda wani mai hatimi. Khalas, magana ta ƙare.”

Ustaz Bashir ya ce in dai ba ta da fayil to ba za ta zauna a aji ba, don in aka ƙirga kai ya fi takarda yawa, aikin shekara ya rushe. Saboda haka aka ce wa Safiya ciwon bayan Umma ya tashi, ta zauna gida ta taimaka. Umma kuwa lafiyarta ƙalau, sai ta riƙa dafe ƙugu tana nishi in ta ga yarinyar, in ta manta kuma ta ɗauki tukunyar gas ita kaɗai. Safiya ba wawuya ba ce. Mako biyu tana tsayawa a taga da safe tana kallon yara suna tafiya. Tana da wani wasan kwaikwayo da ta rubuta wa ajinsu, aka ba wata matsayinta. Ran nan na dawo na same ta tana gyaran shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“Yaya Rabi, in wani laifi na yi, ki faɗa mini. Ke kam ai ba kya ɓoye wa mutum.”

Na ce ba ta yi komai ba, na wuce ɗaki raina yana tafasa. A ganina lokacin, mutum biyu manya sun zaɓi jin daɗin zuciyarsu a kan karatun yarinya, suna kiran abin kunya da kara. Har yau ban ce duk ganin nawa kuskure ne ba. Washegari da Umma ta tafi kasuwa na buɗe jakarta, na ɗauki katin na kai shago aka yi mini kwafi, na mayar. Na cike fayil da sunan da ke kai, na gyara rajista, na kai wa Ustaz Bashir.

“Malam ya sani?” ya tambaye ni.

“Zai sani.”

Ya dubi bango, ya buga hatimi. Shi ne wanda ya rubuta ɗan littafin da kuka kawo mini.

Ranar zuwan mufattishi Baba ya fita tun da sassafe. Na ce wa Umma shi ya ce in taho da Safiya, ƙaryata ta farko kenan gare ta. Niyyata in faɗa wa yarinyar komai a hanya. Daga Hay el-Sabi' zuwa Ma'adi tafiya ce mai nisa, mikrobas sannan jirgin ƙasa, ina da lokacin da zan faɗi abin sau goma. Ta sa farin ɗankwalinta, ta riƙe hannuna a cunkoso, tana ta zuba mini labarin yadda za ta ƙwace matsayinta a wasan. A kowace tasha sai in ce a ta gaba. Ni da ake gudun bakina a unguwa, ranar ya ƙi buɗuwa. Na lallashi kaina cewa mutumin ƙirga kawuna kawai zai yi ya tafi, da yamma sai mu zauna ni da ita.

Mufattishin wani dattijo ne Bamasare mai gajiyayyar fuska, ba mugu ba ne, kada ku ɗora masa. Ya zauna a kujerar malami ni ina miƙa masa fayil, Baba da Ustaz Bashir suna tsaye a bakin ƙofa. Na ga lokacin da idon Baba ya faɗa kan Safiya a layin gaba, na ga ya juyo ya dube ni, amma an riga an fara. Mutumin yana kiran suna uku-uku, na yaro da na uba da na kaka, yaro ya miƙe ya amsa.

“Safiya Haruna Idrisu.”

Ba wanda ya motsa. Safiya har waiwayawa ta yi ta ga ko an kawo wata sabuwa mai sunanta. Ya sake kira. Sannan ya ɗaga hoton ya bi fuskoki da kallo ya tsaya a kanta.

“Ba ke ba ce wannan, 'yata?”

Ta miƙe, ta leƙa, ta yi 'yar dariya. Da Larabcin Masar ɗinta mai kyau ta ce, “Hoton nawa ne, amma an yi kuskuren suna. Ni Safiya Abdulkarim ce. Ga babana can.”

Dattijon ya juya wajen ƙofa. Ya ce, “Ustaz, 'yarka ce?”

In Baba ya ce e, fayil ya zama na jabu, kuma in ɗaya jabu ne duk sauran sun shiga zargi, yaran da ke jiran jarrabawa sun tashi a banza. In ya ce a'a, kun san abin da ya faɗa. Na ga leɓensa ya motsa. Ban sani ba ko numfashi uku aka yi ko biyar, ni dai a wurina ya yi tsawo, kuma ni ban iya jira ba.

“'Yar ƙanwar mahaifiyata ce,” na ce. “Riƙonta muke yi. Sunan da ke katin shi ne daidai.”

Mufattishin ya ce ma'alish, wato ba komai, ya yi alama da biro, ya miƙo hannu in ba shi fayil na gaba. Safiya tana tsaye har aka kira yara biyu bayanta, sai ta kusa da ita ta ja mata riga ta zauna.

An ba mu amincewar kafin ƙarshen zango. Aka yanka rago, aka rataye takardar a ofis. Daga nan makaranta ta tafi kamar an saki birki. Littattafan Amurka suka iso kwali-kwali, aka buɗe ɗakin karatu, aka ɗora bene, aka ƙara sakandare, daga baya aka buɗe sashen manya inda ake karanta harsuna da tarihi da adabi. Yaran da a da iyakarsu wankin mota da aikatau a gidajen masu kuɗi na unguwar Dokki, yau akwai malamai a cikinsu, akwai masu fassara, akwai wadda ta dawo daga waccan kwalejin tana koyar da ku. Duk wannan gaskiya ne, ban rage komai ba. Safiya ma ta zauna jarrabawa ta ci da kyau.

A gida ne abin ya mutu. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ranar da yamma ta zauna gaban Umma ta yi tambaya uku, sunan uwarta, inda aka binne ta, da ko ubanta yana raye. Umma ta amsa tana kuka, ita kuwa ta ce ta gode. Daga washegari ta fara kiran Baba Ustaz, yadda sauran ɗalibai suke kiransa. Sai ta nemi izini kafin ta buɗe firiji. In ta ci abinci ta wanke kwanonta nan take, ta goge inda ta zauna. In Baba ya sayo mana takalmin Salla, ta durƙusa ta yi godiya doguwa irin ta baƙo. Na taɓa daka mata tsawa na ce ta daina wannan iskancin, ta ce, “To, Yaya Rabi,” ta ci gaba. Baba bai taɓa ce mini uffan a kan abin ba. Yana gaishe ni, yana ba ni aiki, ya ɗaura mini aure a shekarar, ya yi muku huɗuba. Sai dai ya daina koyar da ajin da take, ya bar wa Ustaz Bashir.

Sakamakon jarrabawa a bango ake manna shi da suna uku. Wani direba da ke aiki a Dokki ya je duba na ɗansa, ya ga sunan ƙanensa da na ubansu a bayan sunan wata yarinya. Ya yi ta tambaya har ya zo gidanmu da dabino da goro, ya durƙusa ya gode wa Baba. Baffanta ne na gaskiya, mutumin kirki. Shi ya tabbatar mana Haruna ya rasu a hamada. Ya riƙa zuwa yana ɗaukarta ran Juma'a. Bayan shekara uku aka ba iyalinsa izinin komawa Kanada, ya ce in ana so zai sa ta a cikin nasa. Aka tambaye ta a falo, ta ce za ta je. Umma ta dubi Baba tana jiran ya hana. Ya ce, “Baffanta ne. Ni ba ni da hurumi.” A filin jirgi ta rungume Umma, ta ba ni hannu, ta durƙusa wa Baba ta ce Allah ya saka da alheri. A mota da za mu dawo, tun daga can har gida Baba yana riƙe da robar ruwan da ta sha ta rage.

Shekara biyu kenan da rasuwar Baba, kuna iya tunawa, harabar makaranta ta cika har titi. A rana ta uku bayan la'asar wayar Umma ta yi ƙara. Na sa ta a sifika don mu ji tare. Safiya ta gaishe mu, ta ce ta ji rashin da aka yi mana, Allah ya jiƙan Ustaz, ya ba mu haƙuri. Umma ta ce, “Ni za ki yi wa gaisuwa? Ni ce zan yi miki, 'yar nan.” Sai Safiya ta ce a ba ta ni. Na ɗauki wayar. Na fita baranda.

“Safiya, ni na saka katin. Bai sani ba.”

“Na daɗe da sani, Yaya Rabi. Da ba ki saka ba da yanzu ina wanke-wanke a gidan wani. Ban kira don wannan ba.”

“To mene ne?”

“Ranar nan, ya buɗe baki zai yi magana. Ina kallonsa. Me zai ce?”

Shekara shida na yi tare da Baba bayan waccan rana, ofis ɗaya, tebur yana kallon tebur. Na tambaye shi alli, na tambaye shi makulli, na yi masa gardama a kan jadawali har ya riƙa toshe kunne. Wannan ɗaya ce ban tambaya ba, don ina tsoron duk amsar da zai bayar.

“Ban taɓa tambayarsa ba,” na ce.

Na ji numfashinta. Ta ce, “Tamam, shi ke nan. Ki gaida yara.”

Ina kiranta duk Salla, tana ɗauka. Ta tambayi zafin nan, in tambayi sanyin can, ta tambayi jikin Umma, sai mu rasa ta cewa. Tana karatun aikin jinya, ta ce lafiya take, na kuma yarda. Ku ba ku yi mata komai ba, in kun girma ku neme ta da kanku, ku kira ta Inna, kada ku ce ni na aiko ku. In ta yi muku wannan tambayar, kada ku ƙirƙiro mata amsa don ku faranta mata. Mutum ɗaya ne ya sani, ni kuma na tari numfashinsa.